Ragar da Ka Aiko da Sandar Baba

Mamghar,
Ranar Laraba, farkon sanyi.

Zuwa ga Yayana Bilkhair,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mbarka da yara, a can Las Palmas. Allah ya ƙara rufin asiri, ya tsare ka daga sharrin teku da na mutum. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna ta warke daga tarin da ya dame ta, har ta koma zama bakin shanya tana gyara mana yankan kifin da muka girma muna yi. Matar Mas'ud ta sauka lafiya, an samu mace. Motar ruwan sha ma bana tana zuwa a kan lokaci, har mun fara zargin ko direban ya ga wata a garin nan. Takalman da ka aiko wa yara sun iso, an gode, sai dai ƙafar 'ya'yan Turawa ka auna, ƙaramin ne kawai ya samu daidai shi.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu maimakon in jira ka kira. Na san duk sanda ka bugo wa ɗan'uwanmu Isalmu waya cewa yake komai lafiya. Ba lafiya ba. Tun ƙarshen zafi Baba ya daina yi masa magana. Ba ya amsa gaisuwarsa, ya hana a miƙa masa shayi a ɗakinsa, in sun haɗu a hanyar masallaci sai ya kalli teku har ya wuce. Dalilin kuwa ragar nan ce da ka aiko wa Isalmu, mai siririn zaren roba da ba a ganinsa a cikin ruwa. Ina tsaye lokacin da kake ce masa a waya ya daina wahalar shiga ruwa da taru a kafaɗa kamar zamanin kakanni, duniya ta ci gaba. Ya ɓoye ta a ɗakina wata da watanni, ina ganinsa yana zuwa yana shafa buhun kamar mai zance. Daga baya zuciya ta ci shi, shi da abokinsa Mas'ud suka ɗauke ta a kwalekwale suka dasa ta a bakin gaɓar da ke bayan tsibiri. Da safe da suka je ja, kifi kam ya cika ta maƙil. A tsakiyar kifin kuma ga Mai Giɓi.

Ba sai na tuna maka ita ba. Dolfin nan ce mai tsaga a fiffiken baya, wadda Baba ke cewa ta girme ku duka a sana'a, wadda in ya bugi ruwa da sanda ita ke fara ɓullowa ta jawo sauran su koro mana garken kifin azol zuwa gaɓa. Babu rauni a jikinta sai zanen zare a baki da wutsiya. Ka san ba kifi ba ce, numfashi take kamar ni da kai ta ƙofar nan ta tsakar kanta, ragar ta riƙe ta ta hana ta tasowa, ruwan da aka haife ta a ciki shi ya shaƙe ta. Mas'ud ya ce su yanke zaren su sake ta ruwa ya tafi da ita, wa ya gani, teku ai ba ta da baki. Isalmu ya ce teku ba ta da baki amma Baba yana da ido, zai yi ta tsayawa a gaɓa yana jiranta har sanyi ya fita. Mas'ud ya ce masa wallahi shi dai wawa ne na ƙarshe, wanda ke ɗauko wa kansa bulala ya kawo gida. Haka suka ɗaura ta a bayan kwalekwale suka jawo ta har gaban gari.

Baba ya zo ya tsuguna, ya sa yatsa a cikin tsagar nan, ya daɗe. Bai ɗaga murya ba. Ya tambayi ragar wa ce, Isalmu ya ce tasa. Ya tambayi ina ya samo ta, ya ce saya ya yi a Nuwakshot. Ni ina wurin, na buɗe baki, Isalmu ya yi mini wani kallo, na rufe. Baba ya miƙe ya sa aka haƙa rami mai zurfi bayan tudu don kada diloli su tone ta, shi ke nan, daga ranar bai ƙara kiran sunan Isalmu ba. Ma'aikatan gwamnati masu kula da gandun tekun nan sun zo sun karɓe ragar, don ka san an hana irinta. Tare da su akwai Malama Tikbir, mai binciken dabbobin teku, mace mai kirki ba ta da yawan surutu. Ta auna Mai Giɓi kafin a rufe ta, ta ce akwai nono a jikinta, shayarwa take. Sai a lokacin muka gane ɗanta ne ƙaramin dolfin da yara suka ce suna gani yana ta zagaye bakin gaɓar shi kaɗai. Ta ce irinsu sukan yi shekaru a gefen uwa kafin su iya kansu, wataƙila sauran su tafi da shi, wataƙila a'a, ita ba za ta yi mana ƙarya ba. Ya yi kwanaki yana zagayen, daga baya ba a ƙara ganinsa ba.

Tun daga nan Isalmu a gidana yake ci. Ya rame, riga tana yawo a jikinsa, dariyar nan tasa mai cika gida ta tafi. Inna ta yi magana har ta gaji. In ta ce Malam, yaron nan fa ya tuba, sai Baba ya ce wane yaro, shi bai san wanda take nufi ba. Gwaggo Tutu ta zo takanas daga Iwik ta ce masa shi kam tsufa bai rage masa komai ba sai haƙora, a kan dabbar ruwa zai yar da ɗan cikinsa? Ya ce mata ita da ta auri mai raƙuma me ta sani a ruwa, ta sha shayinta ta koma. Na ce wa Isalmu ya faɗi gaskiya a raba laifin biyu ko ya samu sauƙi, ya ce kai kana nesa, in Baba ya daina yi maka magana ba ka da hanyar masallacin da za ka tare shi. Ni dai haushin ku duka uku nake ji, na gaya maka tsakani da Allah.

Ran Asabar da ta wuce azol ya iso. Da hantsi mai tsayuwa kan tudu ya yi kira, muka fito muka ga ruwa ya yi duhu can ciki, kifi na ta tsalle. Maza suka saɓa taru suka shiga har ƙugu, amma garken ya yi nisa, inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, sai an koro shi. Baba ya shiga da sandarsa. Ka daɗe ba ka gan shi ba, kafaɗarsa ta dama ba ta ɗaguwa yanzu. Malama Tikbir ta taɓa ce masa ƙarar sandar kama take da faɗuwar azol a kan ruwa, shi ya sa dolfin ke zuwa, ya ce to ai magana ɗaya suke, shi ma bai ce Larabci yake musu ba. Amma ran Asabar ɗin ƙarar ba ta fita ba. Ya buga, ya buga, mu da ke gaɓa ma da ƙyar muke ji. Kowa na jin nauyin ya ce masa ya bari.

Isalmu na tsaye can gefe a kan yashi, ba taru ba komai, kuma duk garin nan an san shi kaɗai Baba ya koya wa bugun. Sai Baba ya tsaya. Bai waiwayo ba, fuskarsa na kallon teku, ya miƙo sandar ta bayansa ya riƙe ta haka a iska. Isalmu ya kasa motsi. Mas'ud ne ya tunkuɗa shi ya ce je ka mana, ko sai an aiko maka da raƙumi? Isalmu ya shiga ruwan da rigarsa ya karɓa. Ya yi ta bugu har hannunsa ya saɓule. Can nesa muka ga fiffike uku ko huɗu sun taso, suka yi zagaye, suka tsaya inda suke. Ba su matso ba. Garken kifin ya wuce kudu muna kallo, abin da aka kama ranar bai cika shanyar gida biyu ba. Da suka fito, ba tare da ya kalli Isalmu ba, Baba ya ce masa bugu yake kamar mai kashe maciji, ya sassauta hannu, gobe ya dawo. Maganar farko ke nan da ya yi masa. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Kullum yanzu tare suke fita, dolfin ɗin sun fara rage nisa amma ba su kai gaɓa ba tukuna, shayi kuma an koma miƙa wa Isalmu.

Da la'asar ɗin ranar ina zuba wa Baba shayi, na ga ransa ya yi sanyi, na ce bari in sauke abin da ke cina. Na fara cewa Baba, ragar nan fa, sai ya ɗaga hannu. Ya ce ya sani. Ya ce Isalmu bai taka Nuwakshot ba bana, kuma buhun da ya gani a ɗakina tun kafin abin ya faru ba rubutun ƙasar nan ne a jikinsa ba. Na ce to in ka sani, me ya sa Isalmu kaɗai ya sha wannan wuya, Yaya Bilkhair kuwa in ya kira har dariya kuke? Ya juya kofinsa ya ce Isalmu ya san abin da ke numfashi a bayan tsibirin nan, da saninsa ya dasa. Ya ce kai kuwa ka daɗe da barin ruwan nan, abin da ka gani a wajen mutanenka ka aiko, da kyakkyawar niyya. Ya ce shi ba ya fushi da baƙo. Ba da zafi ya faɗa ba, Yaya, ya ma miƙo kofin in ƙara masa. Na rubuta maka yadda ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba.

Na ji Mbarka na cewa kana shirin aiko wata ragar a madadin wadda aka karɓe. Kada ka aiko. In kana da abin kawowa, ka kawo da ƙafarka. Azol na nan har ƙarshen sanyi.

Inna tana gaishe ka, ta ce man kifin da ta tara maka yana nan a kwalba. Gwaggo Tutu da Mas'ud da mai jego suna gaisuwa. Isalmu bai san na rubuta ba, in ka kira shi kada ka ce ni na faɗa. Ka gaishe mini da Mbarka, ka shafa mini kan Sidati da 'yar ƙaramar da ba mu taɓa gani ba. Na tambayi Baba ko yana da saƙo, ya ce in gaishe ka da kyau, in yi maka godiyar takalma.

Wassalam, Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Salka