Hoton Inna da Wuƙar Kawu Dodo

Tawa, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Rashidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da A'isha da yara. Ya Abijan, ya kasuwa? Mu nan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Kai ka ce a buga maka hoton marigayiya Inna don ɗiyanka su san kakarsu. Ka san shi kaɗai ne hotonta a duniya, kuma yana hannun ƙanenta Kawu Dodo a Takanamat, wanda ya rantse hoton mamaci ba zai shiga waya yana yawo ba. Da ƙyar na lallashe shi ya yarda a yi kwafinsa a takarda, da injin bugawar nan da ka aiko mini. Ya kawo shi da kansa, naɗe cikin ƙyalle, ya tarar ina lakwal wajen koyarwa.

Yaya, me zai hana mutum ya jira? Injin yana da gilashi a sama, nan ake kifa hoto, ba abin da zai taɓa shi. Amma Kawu mai injin niƙa ne, a wurinsa kowane inji ta baki ake zuba masa ya fitar ta ƙasa. Sai ya cusa hoton inda ake sa farar takarda, ya danna maɓalli. Inji ya ja, ya yi ƙara, ya shaƙe da rabin hoton a ciki.

Ya kira ni a waya. Na haɗa shi da girman Allah ya cire kuran, wato wutar lantarki, ya bari in zo. Abu ne mai sauƙi, na sha yi: a buɗe murfin baya, a kama takardar da hannu biyu, a jawo a hankali. Ya ce to. Ka dai san "to" ɗin Kawu! Yana ajiye waya ya ɗauko man gyaɗana na girki ya tsiyaya ciki, wai tayoyin ne suka bushe, sannan ya bi da wuƙar yanka albasa yana zungura.

Da na iso gida, guntu-guntu na fito da hoton. Zanenta na nan, hannuwanta na nan bisa gwiwa, har zoben azurfar nan. Fuskar ce wuƙa ta kankare, mai da tawada suka cinye saura. Kuma wai buɗar bakinsa sai cewa ya yi ƙaddara ce, injin Nasara ba shi da ƙwari. Ƙaddara! Ƙaddara ce ta shiga madafa ta ɗauko wuƙa? Wallahi don dai kawuna ne na haɗiye magana. Bai ci tuwon da na kai masa ba, da sassafe ya koma gida. Injin ma ya lalace, wannan ko a jikina.

Abin da ya fi ci mini rai, jiya ɗiyata Balkisu ta tambaye ni kamannin kakarta. Na buɗe baki in faɗa mata. Muryar Inna ta zo mini, har tarinta na safe, amma fuskar ta ƙi zuwa. Ina ƙarama ta rasu, kai ka fi ni saninta. Don Allah ka rubuto mini yadda take, hancinta, zanen kumatunta, ko tana da wushirya. Kada ka taƙaita.

A gaida kowa da kowa. Allah Ya jiƙan Inna.

Ƙanwarka,
Raƙiya