Haɗin Kawu Ya Fita

Setapak, Kuala Lumpur

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Gwaggo da yara. Yaya ruwa bana? Allah ya raba mu da annobar nan.

Kawu, da kunya nake rubuto maka. Ka tuna haɗin dusa da daddawa na fatsa da ka koya mini a Yawuri, ka ce kada ya fita daga gidanmu? Da aka sassauta kulle, da shi nake kwasar tarwaɗa a wani tafki bayan unguwar Taman Melati. In an tambaye ni sirrin, murmushi kawai nake yi.

Sai korona ta kwantar da ni, aka killace ni a ɗaki. Nasiru, abokin zamana, ya ce in gaya masa haɗin ya kamo kifi ya yi mini farfesu. Ta bayan ƙofa na faɗa masa, ina tari. Farfesun har yau ban gani ba. Da na warke na tarar ya ɗora bidiyo a intanet yana kwaɓawa, wai gadon kakansa ne. Mutumin da bai taɓa shiga kwalekwale ba! Yanzu kowa a tafkin shi yake kwaɓawa. Da na yi masa magana sai ya ce, har da kwaikwayon bakin 'yan garin nan, "Haba, dusa ce fa kawai, lah."

Ka gaida Gwaggo, a sa ni a addu'a. Nasiru ya ci amanata, amma taka ni na ci. Ka yafe mini.

Ɗanka,
Habibu