Ciyawar Da Oga Ya Hana Ni Yankewa

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, na gaji.

Shekarata huɗu ina aiki a wata ƙaramar matatar ruwan ƙazanta a ƙauye, nesa da iyalina. Ruwan da muke saki yana fita da ragowar fitsari da sabulu, wanda taki ne ga gansakuka. In ta rufe tafki, kifi ya rasa iska. Ni na shuka doguwar ciyawar fadama a kududdufin ƙarshe da ruwan ke bi kafin mu sake shi, don ta shanye wannan taki, kuma ta yi aiki. Sai dai dole a riƙa yanke ta ana kwashewa, in ba haka ba ta ruɓe, ta mayar wa ruwa abin da ta sha.

Ogana ya hana. Wai koren yana kyau a hoto, manya daga birni suna yabawa. Ba mugu ba ne, da na kwanta ciwo shi ya kai ni asibiti, amma bai taɓa tsoma ƙafarsa a ruwan nan ba. Yanzu ciyawar ta fara kwanciya, tafkin da ke gangarenmu ya yi kore shar. Baba masunci, wanda nake zaune a gidansa, shekaranjiya ya ajiye mini kwandon matattun kifi a ƙofar ɗaki, ya juya ya tafi. A gari kuwa cewa ake yi baƙon nan ne ya zuba guba. In na yanke a kore ni, in na bari Baba ya rasa abincinsa. Ko in tattara in koma gida ne?

Baƙo Mai Gadin Ruwa

Ɗan'uwa, sannu da haƙuri. Gaskiya tana wajenka, amma kada ka shiga da lauje a ɓoye, laifin sai ya dawo kanka. Ogan naka tsoro yake ji kada manyansa su zo su tarar da kududdufi fayau, su ce ba ya aiki. To, ka rage masa tsoron. Ka rubuta masa takarda, ka nemi ya bari ka yanke rabi, ta can baya. Ka gwada ruwan kafin yanka da bayansa, ka ajiye sakamakon. In ya ƙi, takardar ta wuce sama wajen manyansa, kuma ka sanar da shi kafin ka tura.

Baba kuwa, yau ka zaunar da shi ka gaya masa komai. Shirunka ne ke ƙara wa zargin ƙarfi. Maganar komawa gida ka jingine ta tukuna, tafiyarka ba za ta wanke tafkin ba.

Allah ya sassauta, ya sada ka da iyalinka lafiya.