Kajin Inna Na Ƙarewa a Kwanona

Anti mai shawara, don Allah ki agaza mini, ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Ina aiki da wata ƙungiya mai ceto irin dabbobin gida da ke neman ɓacewa. Mun daɗe muna cigiyar wata kaza mai tukku da gajerun ƙafafu, mai jure cuta da zafi. Mun yi taruka a manyan otal, mun buga hotonta a riguna, ni kaina na yi jawabi a kanta har wasu suka share hawaye. Ba mu same ta ba.

Watan jiya na je gaida mahaifiyata. Ina tsakar gida ina tsotsar ƙashin kazar da Inna ta dafa mini, sai ga 'yar'uwar wadda nake ci ta gifta, da tukkunta da komai. Anti, ashe ita ce kazar da muke cigiya. Tun ina makaranta, duk zuwan da na yi sai Inna ta yanka mini ɗaya, ni kuwa ban taɓa lura da su da ransu ba, a kwano kawai muke haɗuwa. Yanzu saura 'yan kaɗan, zakara kuma ɗaya tal.

Na ce ta daina yanka, ta yi fushi, wai na yi boko na raina girkinta. In na ƙi zuwa ta kira ni tana kuka, in na je kafin in kashe mota wuƙa ta hau wuya. Ga shi na yi suɓul da baka a ofis, shugabanmu ya ce zai bi ni ya gani da idonsa, Inna kuwa ta ce babban baƙo sai zakara. Ina tsoron ƙarewar irin, ina tsoron ɓacin ranta.

Ɗan Inna

Ɗan Inna, sannu da aikin ceto. Ƙungiyarku ta sha wahalar binciken abin da ke ƙarar da kajin nan, ashe yana da kujera a ofishinta.

Kada ka ga laifin Inna. Ku kun buga riguna, ita ta watsa tsaba safe da yamma, kuma ba don ita ba da sai dai hoto. Yankan nan shi ne yadda ta iya cewa tana sonka. Amma kai ma da gaskiyarka, zakara in ya shiga tukunya ba taron da zai fito da shi.

Dakatar da shugabanka tukuna. Ka je kai kaɗai, ka bar kalaman ofis a mota, ka roƙe ta ta ba ka rabonka da rai, ka bar mata kiwonsu da sunanka. Uwa ba ta yanka dukiyar ɗanta. Ka riƙa sayo wasu kajin na tukunya, ka ci har ka nemi ƙari. Ƙungiya kuma ƙwai za ta nema, kada a ɗauke wa tsohuwa abokan hirarta.

Sannan ka yawaita zuwa. Kaza mai tukku ana iya dacewa da ita a wani gidan, Inna kuwa ita kaɗai ta rage, ba mai ƙyanƙyashe maka wata. Allah ya bar maka ita, ya ja kwanan zakaran.