Sunan Yaya Reizel

Shanghai, Laraba

Maigidana Zelig,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar taka? Yaya 'yarmu Tova da nauyin ciki? Na san ba ka shan maganinka, ba sai ka rantse ba.

Na sauka lafiya. Ka ce tafiyar banza ce, to ka bar ni da banzata. Tova na so ta sa wa abin da za ta haifa sunan yayata Reizel, kai kuma ka goya mata baya. Amma ka sani sarai, mu Yahudawa ba ma sa wa jariri sunan mai rai, don kamar cewa mutum ne ya tashi ya ba da wuri. To wa ya ga gawar Reizel? Baba ne kawai ya zauna mata makoki ranar da ta auri ɗan Sin, alhali tana bayan layinmu da ranta. Muka hau jirgin ruwa muka bar ta, ina yarinya, ban ƙara jin ɗuriyarta ba. Sai na tabbatar kafin in yarda.

Yau na je tsohon ɗakin ibadarmu da suka mayar gidan tarihi. Zelig, kamar cikin mafarki nake tafiya. Na hau benen mata inda Mama ke zama, na tarar da hasken tagar nan yana kwance inda na bar shi. An jera akwatunan hijira, da keken ɗinki, da fitilun ibadarmu ta Asabar a bayan gilashi, babu mai kunna su. Na daɗe gaban wani murhun gawayi har ƙamshin kabeji ya zo mini, wallahi sai da na waiwaya ko Mama ce. Wata budurwa mai zagayawa da baƙi ta tsaya tana ba ni labarin yadda muka rayu. Ni fa! Na bar ta ta gama don tana da ladabi. Da na tambaye ta Reizel, ta ce ba su san ta ba.

Raina babu daɗi. Jibi zan koma, in ban dace ba in tattara in dawo.

Ka sha magani.

Matarka,
Gittel

Shanghai, Lahadi

Zelig nawa,

Da fatan kuna lafiya. Hutun ibadar Asabar ne ya riƙe mini hannu, da tun jiya na rubuto. Ka nemi wuri ka zauna tukuna.

Ran Juma'a na koma. A bakin ƙofa na ga mai gadi yana cin burodi mai kitso irin namu na Asabar, amma fari fat, turara shi aka yi. Haka Mama ke yin nata, don a layinmu babu mai tanda. Na tattaro ɗan yaren garin da ya rage mini a baki na ce, "Malam, ina ka samo wannan?"

Ya ce, "Wajen Kaka Gu mana. Duk Juma'a sai ta kawo. Ba wani daɗi gare shi ba, amma wa ya isa ya faɗa mata? Ga ta can a benci. Nan take zama kullum tana kallon ƙofar nan, ba ta taɓa shigowa ba."

Ban san yadda na tsallaka titin ba. Wata 'yar tsohuwa ce mai guntun farin gashi, ta rungume kwando, idanun Mama sak. Na ce, "Yaya Reizel." Ba ta juyo da wuri ba, ashe shekara sittin da ɗoriya babu wanda ya kira ta haka. Ta ƙare mini kallo, sannan ta ce, "Gittel mai majina? Kai, kin tsufa!"

Na yi kuka, Zelig, kuka na yara, a gaban kowa.

Na ja hannunta mu shiga, ta toge a bakin ƙofa. Ta ce a hankali, "Baba ya hana ni." Na ce mata Baba ya daɗe da rasuwa, ƙofar nan kuma yanzu ta kowa ce. Muka hau bene a hankali, muka zauna a gurbin Mama. Hasken rana yana tafiya a kan katakon daɓe, ni kuma ina tsoron in motsa in farka.

Daga baya na gaya mata zancen Tova da suna. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ku yi haƙuri, yanzu aka dawo mini da shi. A bar ni in ɗan mora."

Saboda haka ka ce wa Tova ta nemo wani sunan. Wannan mai shi tana nan, ga ta kusa da ni tana gyangyaɗi, ta riƙe mini gefen riga kada in tafi. Ba zan dawo a wannan makon ba.

Ka gaishe mini da kowa.

Taka,
Gittel