Zanen Goggo

Daren Laraba, tara ga Rajab, Babban Duhu

Na kasa barci. Na ɓata zanen Goggo, baƙin saƙin nan mai ƙyalli da kowace amarya a gidanmu ke ɗaurawa ranar tarewa. Man shanu ne ya ɗiga a gefensa, yau da hantsi na tsoma shi a ƙwarya da sabulun salo. Nan take ruwan ya rine. Ashe zanen da aka buga da shuni ba a wanke shi. A inuwa ake shanyawa, a turara, a adana a adudu. Sau nawa Goggo ta faɗa, ina can ina kukan amarci!

Maigida ya duba, ya ce, "Gyaransa sai mabugan zane na Batsari, su ma sai an ba su kwana uku." Goggo kuwa gobe za ta iso daga Yasore, ta karɓa wa ƙanwata Hanne zanen, ita ma tarewarta ta zo.

Zanen dai zan iya cusa shi ƙasan adudu. Amma na dirje hannuwana da toka har suna zafi, shunin ya ƙi fita. Goggo kuma kafin ta zauna, hannuna za ta fara kamawa ta ga lalle.