Yatsan Baba a Fiffiken Hagu

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya idon Mama? Allah ya ƙara sauƙi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba alhali ga waya. Na san halinki, in na kira dariya za ki yi ta yi har katina ya ƙare.

Maganar ƙaramin jirgin saman robar nan ce da Baba ya rasu bai gama haɗawa ba. Kin tuna ranar da na ɗauko shi, kika ce in bar miki ki ƙarasa, na ce shekara ashirin ina fesa wa motoci fenti, ba wanda zai koya mini fentin abin wasa. To, na janye maganata. Jiya na ɗauki ɗan tankin man jirgin da Baba bai kai ga mannawa ba, na gwada masa fentin gareji. Kafin in juya ya yamutse kamar ledar da ta ji wuta. A aljihu na ɓoye shi kada abokan aiki su gani.

Ni da nake ce muku masu wasan yara in na tarar da ke da Baba kun duƙufa a kan tebur, yau ga ni ina tambaya, kuma da kunya nake yi. Wane fenti? Wane gam? Ki rubuto dalla-dalla. Jikin jirgin dai na riga na gyara shi sumul, wannan kam aikina ne.

Ki gaida Mama, amma kada ki karanta mata wannan.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, idon Mama dai jiya i yau. Dariyar kuwa na yi ta son raina, katinka ya huta.

Ga karatu, malam ɗalibi. Tinar da kuke sirka fentin mota da ita cin roba take yi, ka nisanta ta da jirgin. Ka nemi fentin da ake sirkawa da ruwa, na 'yan ƙananan kwalabe. Kafin komai ka wanke jirgin da sabulu, ka bar shi ya bushe da kansa. Ka sirka fentin ya yi kaurin madara, ka shafa siriri, ka jira, ka sake. Gara sau uku siriri da ka lafta sau ɗaya. Na san haƙuri ba ya cikin kayan aikinka, amma ka ara.

Gilashin wurin matuƙi kuma kada ka kusance shi da sufa gulu, tururinsa zai mai da shi fari fat. Farin gam na kafintoci ya isa, ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace. Sauran jikin akwai gam ɗinsa a kwalin Baba. Shi narkar da robar yake yi har gefe biyu su haɗe, saboda haka in ya taɓa yatsanka ka taɓa jirgin, shaidar ta zauna ke nan.

A nan ne kalmarka ta “sumul” ta tsorata ni. Ka juya jirgin, ka duba ƙarƙashin fiffiken hagu. Akwai shaidar babban yatsan Baba a wurin. Ranar da ya manna fiffiken hannunsa na rawa, gam ya zubo, ya dafa. Ya yi ta faɗa, ya ce in ya ji sauƙi zai goge. Washegari aka kwantar da shi asibiti. Shekara talatin yana loda kaya a jiragen mutane bai taɓa hawa ko ɗaya ba, wannan ne abu na ƙarshe da hannunsa ya bari.

Ba ka sani ba tunda ba ka zama, amma kafin ka ɗauke shi Mama kan sa in miƙo mata jirgin, ta ɗora yatsanta a wurin. Hotunan Baba yanzu ba ta iya gani. Kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka dawo da shi.

Ka rufe wurin da salatif kafin fenti. Don Allah ka ce mini yana nan.

Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ga jirgi nan a hannun direba, na naɗe shi cikin tsohuwar singileti. Duk abin da kika ce na bi. Shafa huɗu na yi, gilashin kuma tas, har kujerar matuƙi ana gani. Sumul ɗin da na ce, saman nake nufi. Shaidar yatsa tana nan.

Aiki ya yi yawa, ba zan samu zuwa ba. A gaida Mama.

Yayanki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan da aiko jirgin, abinci ma ba ya shiga. Ƙarya na yi miki.

Tun ranar da na kawo shi gareji, kafin takardata ta farko, na goge wurin. Idona ya saba, duk inda na ga tabo sai in kankare da sanfefa. Ko minti biyu bai ɗauke ni ba. Har ina shafawa ina jin daɗi, ina cewa a raina tsoho dai bai iya aiki mai tsabta ba. Ƙurar kuma na hure ta da bakina.

Da na karanta takardarki sai na zauna a kan taya, na rasa inda zan sa kaina. Maimakon in faɗa miki, sai na ɗauko gam ɗin Baba. Sau uku na gwada a jikin tankin da na lalata, sannan na ɗiga a ƙarƙashin fiffiken na danna nawa yatsan. Na zauna na yi dabarar yaudarar uwata saboda ba ta gani. Abin da ya fi ci mini rai, ina dannawa ina ƙoƙarin tuna yadda yatsan Baba yake, na kasa. Ban taɓa zama kusa da hannunsa na duba ba.

Ba aiki ne ya hana ni zuwa ba, kunya ce. In kin ga in faɗa mata da bakina, zan zo in durƙusa. In kin ga a bar ta da abin da ta ɗauka, zan yi shiru. Ke kuma ki yafe mini in za ki iya.

Yayanki mai laifi

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta makara.

Ranar da jirgin ya iso na miƙa wa Mama. Ta shafa fentin ta ce ya yi kyau, sannan ta juya shi ta ɗora yatsa. Ta yi ta bin wurin da yatsan. Can ta ce, “Babanku ƙarfen akwati ya taɓa tsaga masa wannan yatsa, akwai layi a tsakiya. Nan ba layi. Wannan na yayanki ne.”

Na yi kuka, kuma ba zan ɓoye maka ba, har yanzu raina a ɓace yake. Na ce ta kawo in ajiye shi, ta hana. Ta ce, “Shekara nawa ubansa yana kiransa teburin nan yana ƙin zama? To ga shi ya zauna. Ki ce masa na gane, kuma kada ya kuskura ya goge wannan.” Jiya ma na gan ta da jirgin a cinya, yatsanta a wurin.

Akwai kwalin wani jirgin da Baba bai buɗe ba. Ka zo ranar hutunka, Mama na son jin bakinka. Sanfefarka kuma ka bar ta a gareji.

Ƙanwarka, Auta